Jifan Tausayi

Tun da Moustapha ya fito daga asibiti ba wanda ya ƙara zaginsa, kuma wannan ya fi ciwon damunsa.

Ciwon ya same shi ne a watan Afrilu, yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma mai sauƙi. Ƙafar dama ta dawo, sai dai da sanda. Baki ya dawo, ko da yake yana ɗan karkacewa in ya gaji. Hannun dama kuwa ya zama kamar baƙo a jikinsa, yana jin kira amma ba ya zuwa da wuri. Tuƙin bas ɗin da ya yi shekaru yana yi a titunan Lyon ya ƙare. Aikinsa ya koma zama a falo a gidansa na Vénissieux, gefen Lyon, da zuwa wurin mai motsa masa gaɓoɓi, da amsa "ya jiki?" daga bakin mutanen da suke rage murya in sun shigo, kamar akwai jariri yana barci.

Duk wannan zai iya ɗauka. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne Salifu.

Salifu taubashinsa ne. Uban Salifu da uwar Moustapha cikinsu ɗaya. A Damagaram inda aka haife su, kowa ya san abin da ke tsakanin irin waɗannan biyu: ɗan namiji ya ce shi ne ubangida, ɗan mace ya ce ƙarya yake, su tsige juna a gaban manya ba mai tsawatarwa. A gidan suna su yi, a zaman makoki ma su yi, har mai kuka ya yi dariya bai shirya ba. Ranar da taubashinka ya fara gaishe ka da ladabi, to wani abu ya lalace.

Su biyun kuma suna da wani abin faɗa da ba kowa ke da shi ba. Suna sakandare wani malami ɗan Japan ya zo aikin sa-kai, ya zo da sanduna da buhun ƙwallaye masu tauri kamar dutse, ya ce zai koya wa yara bezbol a filin bayan makaranta, gindin duwatsu. Kafin wata ya mutu yaran duk sun koma ƙwallon ƙafarsu. Su biyu suka liƙe, don wasan ya dace da halinsu: ɗaya ya jefa, ɗaya ya doka, ido cikin ido kamar ƴan kokawa, in mai sanda ya kuskure sau uku ya fita da kunyarsa. Salifu ne majefi, Moustapha mai sanda. Da malamin zai koma ƙasarsu ya bar musu huluna biyu, shuɗiya da baƙa, na wasu ƙungiyoyin ƙwararru da ba sa ga maciji da juna. Salifu ya fizge shuɗiyar. Daga ranar kowa ya san ɓangarensa.

Da rayuwa ta kawo su Faransa, ɗaya Paris ɗaya Lyon, sai suka gano cewa wasan da ake yi da yamma a Japan da hantsi yake faɗowa a nan. Salifu tela ne, yana da shago a unguwar Goutte d'Or ta Paris. Yakan jingina tablet kusa da keken ɗinki, ido ɗaya a allura ɗaya a fili. Sunayen ƴan wasan sun fi ƙarfin bakinsu, don haka suka raɗa musu nasu. Ƴan Shuɗi suna da wani majefi da suke kira Bahago, siriri, ba ya dariya. Ƴan Baƙar Hula suna da Ɗan Mahauci, da Mai Gilashi, da wani mai sanda da ya daɗe a harkar har suka daina kiransa komai sai Tsoho. Shi ma Tsoho da hagu yake duka. Zagayen wasa kuma turmi suke ce masa, kamar na dambe.

A da, in ƴan Shuɗi suka ci, wayar Moustapha ba ta hutawa.

"Bawana, kana raye? Na ce bari in ji ko ka faɗa kogin Rhône. Tsohon nan naka fa a kai shi gida ya yi renon jikoki. Na ga yana kai duka ƙwallon ta riga ta isa Osaka ta dawo."

"Tela, je ka gyara wandon mutane. Wanda ka ɗinka min bara ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafafunka ne ba su yi daidai ba. Haka kuke a gidanku."

Yanzu kuwa Salifu yana kira kullum, bai taɓa fashi ba, kuma kowane kira kamar na limami.

"Malam Moustapha, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya iyali? To Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa shan magani a kan kari."

Malam Moustapha. Mutumin da ya taɓa tura shi cikin tafki da kayan sallarsa.

A watan Agusta ƴan Shuɗi suka lallasa ƴan Baƙar Hula wasa uku a jere. Moustapha ya ajiye waya a kan gwiwarsa yana jira. Ba a kira ba sai bayan la'asar, kuma da ya ta da maganar sai Salifu ya ce wai aiki ya yi yawa, bai samu ya kalla ba. Moustapha ya san ƙarya ce. Salifu zai iya mantawa da abincin rana, ba zai manta da Bahago ba.

Sai ya fara ɗana masa tarko. Wata safiya ya ce, da murya irin ta mai ilimi:

"Ni fa in ni ne mai horarwa, duk ranar da Bahago zai yi jifa, bahagwai zan jera masa tun daga farko har ƙarshe."

Wannan magana ko ɗan koyo ba zai faɗe ta ba. Mai sanda bahago ba ya jin daɗin majefi bahago, don ƙwallon tana fitowa ne kamar daga bayan kafaɗarsa, ba ya ganinta da wuri. Salifun da ya sani zai yi mako guda yana tallar wannan wauta, har ya kira Damagaram ya ba da labari.

Moustapha ya ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"To, ai kuma akwai hikima a ciki," in ji Salifu. "Ka yi gaskiya."

Moustapha ya kashe wayar bai yi sallama ba. Ya zauna yana kallon rufin gidajen da ke gabansa, da tantabarun da ba na kowa ba. Ya tuna filin nan na gindin duwatsu, da yadda Salifu kan auno haƙarƙarinsa da gangan in ya ga ya matso kusa, da yadda shi kuma yakan tashi ya kaɗe ƙasa ya ce, "Sake." Ba wanda ya rage a ƙasar nan da ya san shi da askakken kai da tsagaggen wando sai mutum ɗaya, kuma mutumin ya mayar da shi Malam.

Mutane suna ɗauka tausayi ba ya zama laifi. Yana zama. Akwai tausayin da ke naɗe mutum tun yana numfashi, masu yinsa kuma su koma gida suna jin sun samu lada.

Matarsa Huseina ta shigo da kwanon kunu ta same shi haka.

"Kun yi faɗa ne?"

"Ina ma."

Ta ajiye kwanon, ta zauna a hannun kujera. Ba mace ba ce mai kewaye-kewaye.

"Ni na ce masa ya rage. A asibiti. Likita ya ce kada a riƙa tayar maka da hankali, jininka ya hau. Kai kuma in kuna musun ƙwallon nan har maƙwabta suna buga bango."

"Rage kika ce, ko ya daina?"

"Rage na ce. Shi ya ƙara nasa a kai. Ka ga yadda ya fito daga ɗakinka ranar? Sai da ya jingina da bango." Ta miƙa masa cokali a hannun hagu. "In abin ya dame ka, ka gaya masa mana."

"In ce masa me? Don Allah Salifu ka taimaka ka zage ni?" Ya girgiza kai. "Zagin da aka roƙa ai sadaka ce, Huseina. Na ƙoshi da sadaka."

A farkon Oktoba labari ya fito cewa Tsoho zai ajiye sanda. Wasan ƙarshe na shekara, ranar Asabar, shi ne na bankwanarsa, kuma da ƴan Shuɗi za a kara. Moustapha ya ce wa Huseina a Paris zai kalla. Ta ce za ta raka shi, ya ce a'a. Ta dube shi, ta dubi sandar, sannan ta je ta ɗauko masa rigar sanyi.

Ya hau jirgin ƙasa na safe a tashar Part-Dieu. Wata Baturiya ta tashi ta ba shi wuri kusa da ƙofa, ya gode mata yana jin haushi. Gonaki suka riƙa wucewa ta taga, kore shar, da shanu farare masu ƙiba waɗanda ba su taɓa sanin rani ba. A Paris matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Château Rouge ta kusa gama da shi. Ya tsaya a tsakiya ya huta, mutane suna kewaye shi kamar ruwa yana kewaye dutse. Da ya fito, ƙamshin gasasshiyar masara da warin kifi suka tarbe shi, da hayaniyar masu talla a bakin titi.

Shagon Salifu ɗan siriri ne mai zurfi, kekuna uku a jere, yadudduka a rataye har rufi. A keken ƙarshe Amine ne, ɗan Chadi mai aikin surfani, wanda bai san komai a bezbol ba amma ya yi shekaru yana cin moriyar faɗan. A kan babban tebur an shimfiɗa wata farar shadda mai ƙyalli, an gama aikin wuya, saura hannu.

Salifu ya ɗago kai ya gan shi a bakin ƙofa. Almakashi ya faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi. Kai kaɗai? Huseina ta sani? Me ya sa ba ka kira na zo tasha ba? Shigo, shigo, doucement, a hankali, akwai ɗan tudu a nan. Amine, kawo kujerar nan mai katifa."

"Na zo ganin yadda za a kunyata ku ne."

"To madalla, madalla. Allah ya sa. Zauna tukuna."

Aka zaunar da shi, aka sa masa matashi a baya, aka ɗora ƙafarsa a kan wani ƙunshin ƙyallaye. Salifu ya yi furfura fiye da yadda ya san shi. Hular nan shuɗiya, wadda ta koɗe ta zama kalar toka, tana rataye a ƙusa, bai sa ta ba.

"Ba ka sa hularka ba."

"Zafi ake."

"A Oktoba? Ko dai kunya kake ji? Ai da ni ne nake goyon bayan ƙungiyar da mai tsaron kusurwarta ta uku ke gudun ƙwallo kamar an jefo masa maciji, ni ma zan ɓoye hula."

Amine ya tsayar da kekensa ya juyo da fara'a, yana jiran amsa. Salifu ya yi murmushi kawai.

"Yana da rauni a wurin, gaskiya ne."

Amine ya koma kan aikinsa.

Aka jingina tablet a jikin akwatin zare. Filin cike yake maƙil, an ɗaga manyan ƙyallaye masu hoton Tsoho. Amine ya haɗa shayi, Salifu ya ce kada a sa wa baƙo sukari da yawa. Aka fara wasa. Ɗan Mahauci ya doka wata ta wuce katanga a turmi na biyu, Moustapha ya buga sandarsa a ƙasa ya yi kirari, Salifu ya ce, "Duka mai kyau." Ƴan Shuɗi suka rama har suka wuce a turmi na biyar, Salifu ya sunkuyar da kai yana zura zare a allurar da tuni akwai zare a cikinta.

"Ni fa ban gane ba," in ji Amine. "Ina tsohon da ake ta kuka saboda shi? Ban gan shi ba."

"Sai can ƙarshe za a fito da shi," in ji Salifu. "Duka ɗaya zai yi ya yi bankwana. Kuma suna da wata al'ada mai kyau a can. In babba zai ajiye sanda, majefi ba ya yi masa dabara. Ba lanƙwasa, ba yaudara. Miƙaƙƙiya zai jefa masa a tsakiya, don ya samu ya doka ya tafi da farin ciki."

"Al'adar banza," in ji Moustapha.

"Ladabi ne."

"Raini ne. Mutum ya yi shekara ashirin ana tsoronsa, ranar ƙarshe a miƙa masa ƙwallo kamar ana ba yaro alewa? Wa zai yi jifan?"

"Bahago, ga alama. Ga shi can yana ɗumama hannu."

"To in Bahago ɗan halak ne ya jefa masa wannan mai karyewar, wadda take zuwa kamar za ta fasa maka kunne sannan ta faɗo a gwiwa. Da ita ya saba kashe shi. Ya jefa masa ita."

"Ya fitar da shi a gaban matarsa da ƴaƴansa? Kafaɗar mutumin ta lalace, kowa ya sani. Ba zai iya ba."

"Wa ya tambaye shi ko zai iya?"

"Ba sai an tambaya ba, ana gani." Muryar Salifu ta ɗan ɗaga, karo na farko. "In ka ga mutum ya sha wuya, ka sassauta masa. Ba a nan ake nuna jarumta ba. In ya kai duka kafaɗar ta ƙarasa tsinkewa fa? Wa zai ɗauki alhakin? Wanda ya jefa!"

"Kafaɗarsa ce."

Salifu ya buɗe baki, ya dubi hannun Moustapha da ke kwance a kan cinya, ya rufe. Ya ce, a hankali, "To. Allah ya sa mu ga alheri."

A turmi na takwas aka kira Tsoho. Filin ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Ya fito yana jan ƙafa kaɗan, ya sunkuya wa alƙali, ya sunkuya wa majefi. Bahago ya cire hula ya mayar. Moustapha ya matso gaba a kujerarsa, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a: "Karya masa ita. Don Allah karya masa ita."

Bahago ya jefa miƙaƙƙiya, a tsakiya, ba ƙarfi. Tsoho ya bar ta ta wuce. Ya sake jefa irinta. Tsoho ya kai duka, ƙwallon ta tashi sama kaɗan kamar kazar da aka kora, ta faɗo a hannun mai tsaron kusurwa ta biyu. Shi ke nan. Jama'a suka ɓarke da tafi da kuka, aka kawo furanni, Bahago da kansa ya zo yana share ido.

"Ka gani?" in ji Salifu da taushin murya. "An rabu lafiya."

Moustapha ya koma da baya a kujerarsa. Ya ga fuskar Tsoho lokacin da ƙwallo ta biyu take tahowa, kuma ya san fuskar, don kullum yana ganinta a madubin banɗaki. Ya ji ba zai iya zama a kan katifar nan ba ko na minti ɗaya. Tafiyar banza ya yi. Zai koma Lyon, gobe waya ta yi ƙara a ce masa Malam, jibi ma haka, har ranar da za a faɗa a kansa ba ya ji.

Amine ya miƙo masa shayi na biyu, yana nufar hannun hagu kamar yadda kowa ya koya. Moustapha ya miƙa na dama. Ya san bai kamata ba. Yatsun suka kama ɗan kofin, suka riƙe, ya yunƙura zai tashi da sanda a ɗaya hannun, sai yatsun suka saki ba su yi shawara da shi ba. Kofin ya bugi gefen tebur ya kife. Shayin, baƙi kirin mai kauri, ya malale a kan farar shaddar, daga wuya har ƙirji, ya bi cikin surfanin yana shiga kowane zare.

Salifu ya yi tsalle kamar an ɗana masa wuta.

"Kai! Kai! Shaddar Hajiya Amal! Yau da la'asar za ta zo karɓa, gobe bikin ƙanwarta! Wane irin sakarai ne kai? Hannun da ko ƙuda ba ya iya korewa shi za ka ɗauki shayi da shi a kan aikin mutane? Tun kana da hannu biyu ma me ka taɓa riƙewa? Sanda kake saki ta tashi ta fasa wa mutane kai! Ka taso tun daga Lyon da ƙafa ɗaya da rabi don ka kashe min kasuwa! Dama ciwon nan bakinka ya kama gaba ɗaya mu huta, sai ya je ya kama hannu, ya bar mana inda matsalar take!"

Amine ya daskare da buta a hannu. Wata mata da ta leƙo da leda ta ja da baya ta tafi.

Salifu ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya kai hannu ya rufe bakin.

"Astagfirullah. Moustapha, ka yi..."

"In ka ba ni haƙuri, wallahi butar zan karɓa in ƙarasa hannun rigar."

Yana faɗa yana dariya, irin wadda bai yi ba tun Afrilu, bakin ya karkace gefe guda, hawaye yana bin kumatunsa, bai damu ya share ba. Sai da ya koma ya zauna don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

"Ƙafa ɗaya da rabi," ya ce yana haki. "Amine, ka ji? Tela ya iya awo yau."

Salifu ya tsaya yana kallonsa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ya juya baya, ya ɗauki shaddar yana duba tabon, ya daɗe a haka fiye da yadda duba tabo yake buƙata.

"Na gan ka a gadon nan," ya ce, bai juyo ba. "An sa maka roba a hanci. Na yi maka magana ba ka amsa ba. Na ce in wannan ya tafi, wa ya rage? A garin nan kowa Monsieur Salifu yake ce min."

"To ban tafi ba."

"Na gani. Ga shaida a kan rigar mutane." Ya ja hanci da ƙarfi, ya juyo. "Tashi. Famfo yana baya. Kai za ka riƙe, ni in zuba ruwan sanyi. Kuma da wannan hannun banzan za ka riƙe, ya ga abin da ya aikata."

Suka shiga ɗan lungun bayan shago, inda mutum biyu ba sa tsayuwa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Moustapha ya riƙe gefen shaddar da hannun dama, yatsun suna saki, yana sake kamawa. Ruwan ya jiƙa masa hannun riga har gwiwar hannu. Salifu yana cuɗawa yana magana.

"Kuma maganar da ka yi min kwanaki, wai a jera wa Bahago bahagwai. Kana kashe waya na yi dariya har Amine ya ɗauka aljanu ne. Ko akuyar gidanku ta fi ka sanin bezbol."

"Ka ce akwai hikima a ciki."

"Hikimar marasa lafiya. Riƙe da kyau! Kuma Mai Gilashinku, a canza masa gilashin, na karatu aka ba shi."

Daga cikin shago Amine ya ɗaga murya ya ce wasan ya ƙare, masu shuɗi sun ci. Ba wanda ya je ya duba.

Salifu ya so ya raka shi tasha, amma ba ya iya barin shago Hajiya tana tafe. Ya tsayar masa da taksi a bakin titi, ya tura shi ciki ba tare da cewa doucement ba, ya gaya wa direban ya kula, fasinjan yana zubar da abubuwa.

A jirgin komawa rana ta yi ƙasa a kan gonakin. Moustapha ya jingina kai da gilashi, hannun rigarsa har yanzu da danshi. Wasan shekara ya ƙare wa ƙungiyarsa. Sanyi yana tafe, dogo, mai duhu da wuri, ba jifa ba duka sai watan Maris, kuma in an dawo babu Tsoho. Ya yi tunanin filin gindin duwatsu. An ce masa an yi gine-gine a wurin yanzu, shaguna da wani gidan mai. Ko da yana nan ma, ba shi da hannun da zai ɗaga sanda.

Wayarsa ta yi ƙara. Wani mutum a kujerar gaba ya juyo ya harare shi. Moustapha ya tashi da ƙyar, ya dogara sanda har wurin da ke tsakanin taragu, inda ƙarar ƙarfe take cika kunne, ya jingina da bango ya ɗauka.

"Tabon bai fita ba," in ji Salifu. "Ya bushe ya zama taswirar Chadi. Amine har ya nuna min garinsu."

"Ka ce mata sabon yayi ne."

"Kai za ka ce mata. Ga ta nan a gabana, na gaya mata wani gurgu ne ya zo daga Lyon musamman. Hajiya, ga shi. Kada ki raga masa, lafiyarsa ƙalau."

Aka yi ƙarar miƙa waya. Moustapha ya gyara tsayuwa, ya matse wayar a kunne sosai don kada ƙarar jirgin ta cinye masa ko kalma ɗaya.

"Salamu alaikum, Hajiya," ya ce. "Ni ne. Ina jinki."